Malamin da ke koyar da darasin asalin ɗan Adam: shin aurensa na nan?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malamin sakandare ne a nan Kumasi, ina koyar da ilimin halittu, ina zaune a Asawase. A manhajar da yara ke rubuta jarrabawar WASSCE a kanta akwai babin ra'ayin Darwin, wato cewa halittu suna sauyawa a hankali daga wani nau'i zuwa wani, har mutum da birai sun haɗa kaka, kuma dole in koyar da shi. A zangon karatun da ya wuce na kai ɗalibaina gidan zu da ke kusa da Kejetia. Suka tsaya gaban kejin cimfanzi, wato babban birin nan mai kama da mutum, suna kallon tafin hannunsa da farcensa da yadda yake ƙura musu ido, sai wata yarinya 'yar zango ta ce da ni: "Ticha, to ina Annabi Adamu a cikin wannan lissafi?" Don in kwantar musu da hankali na ce ba mamaki Annabi Adamu yana da iyaye daga cikin halittun nan na dā masu tafiya da ƙafa biyu, shi ne na farko da Allah ya zaɓa ya ba shi ruhi da hankali. Magana ta zaga unguwa har ta isa kunnen surukina. Ya ce na kafirta, aurena ya warware, ya sa matata ta koma gida da jaririnmu. Shi a wurinsa birai mutane ne da aka la'anta aka mayar, don haka wanda ya haɗa dangi da su ya haɗa dangi da la'anannu. Malam, ban taɓa shakkar Allah da Manzonsa ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, duk lokacin da na ƙara karatu a kan waɗannan dabbobi sai in ƙara rasa inda bambancinmu yake. Na daina zuwa masallacin unguwa saboda kallon da ake yi mini. Mene ne hukuncin aikina, mene ne kuma hukuncin aurena?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, bari in fara da abin da ya hana ka barci. Aurenka yana nan, ba abin da ya taɓa igiyarsa, kuma riƙe matarka a gidan iyayenta bisa wannan dalili ba shi da madogara a Shari'a. Sai dai ba zan sallame ka da wannan kaɗai ba, don a cikin wasiƙarka akwai magana ɗaya da ka bi ta kanta da sauri, alhali a kanta hukuncin yake juyawa.

Koyar da babin yadda yake a manhaja, ka ce ga abin da masana suka ce, ga hujjojinsu, halal ne. Albashinka halal ne, yaron da ya rubuta amsar a takardar jarrabawa shi ma ba shi da laifi. Mai hakaito magana ba shi ne mai ita ba. Duk wanda ya karanta Suratun Nazi'ati a sallah ya furta da'awar Fir'auna da bakinsa. Na ma fi son irinka a gaban allon da a bar babin ga wanda zai koyar da shi yana yi wa addinin yaran dariya. Wanda ya ce babu Mahalicci, ko ya ce Annabi Adamu tatsuniya ne, ya bar Musulunci ba tare da saɓani ba, kai kuwa ba ka faɗi haka ba.

Maganar da nake nufi ita ce wadda ka faɗa a gaban kejin. Ba ta cikin manhaja, hukumar jarrabawa ba ta tambaya a kanta. Yarinyar nan tambayar aƙida ta yi maka, kai kuma ka ajiye alli ka ba ta fatawa, ka ba Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, uwa da uba. Na lura ka ce "ba mamaki", na kuma lura ka tabbatar da shi Annabi Adamun, da zaɓin Allah, da ruhi. Waɗannan su suka tsare ka. Wanda ya gaskata aya sannan ya karkatar da ma'anarta saboda shubuha, mai tawili ne. Bayani ake yi masa, ba a fitar da shi daga addini. Amma maganar kuskure ce, faɗinta ga yara ba da ilimi ba laifi ne, kuma tubarka ba ta cika sai ka koma ajin da ya ji ta ka gyara. Yara ba sa riƙe "ba mamaki". Abin da suka kai gida shi ne "Ticha ya ce", ga shi kuwa ka gani da idonka.

Ba kai ka fara wannan ra'ayi ba, shi ya sa zan tsaya a kansa. Wasu marubutan zamani sun tafi a kai, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Abdussabur Shahin na Masar. A littafin da ya fitar a 1998 ya ce an yi wasu halittu da Alƙur'ani ke kira basharu tsawon zamani, daga cikinsu aka zaɓi Adamu ya zama insan na farko. Malamai sun yi masa raddi tun a lokacin. Masu wannan ra'ayi sukan ɗauko ayar Ali Imrana da ta ce Allah ya zaɓi Adamu, su ce ai zaɓi daga cikin jama'a ake yin sa. Ayar da kanta ta faɗi a kan wa aka zaɓe shi: a kan talikai. Mala'iku da aljanu sun riga shi, zuriyarsa ta biyo bayansa, saboda haka zaɓin bai rasa inda zai sauka ba. Sukan kawo ayar Suratu Nuhu cewa an halicce mu mataki-mataki, alhali Suratul Muminun ta jera matakan nan, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini zuwa tsoka zuwa ƙashi, duk a cikin mahaifa. Raba basharu da insan kuma Suratul Hijri ta rushe shi. Aya ta 26 ta ce an halicci insan daga busasshen yumɓu, ta 28 ta ce basharu za a halitta daga yumɓun nan, ta 29 ta ce wannan basharun za a hura wa ruhi a yi masa sujada. Labari ɗaya ne, mutum ɗaya.

Hujjarsu mafi ƙarfi, wadda nake zaton ita ta zauna maka a rai, ita ce Alƙur'ani yakan ce da mu duka an halicce mu daga turɓaya, alhali kowannenmu yana da iyaye. To me zai hana turɓayar Adamu ta zama irin tamu? Buɗe Suratus Sajada, aya ta 7 da ta 8. Allah ya ce ya fara halittar mutum daga yumɓu, sannan ya sanya zuriyarsa daga wani tsatso na ruwa wulaƙantacce. Hanya biyu aka ambata, ta mafari da ta zuriya. Da Adamu ma ta ruwan ya zo, da rabawar ba ta da amfani, kuma maganar Allah ta fi ƙarfin haka. Turɓayar da ake jingina mana ta wajen ubanmu muka gaje ta.

Sannan ka tuna dalilin saukar aya ta 59 ta Ali Imrana. Tawagar Kiristocin Najran ta zo Madina tana jayayya cewa tunda Annabi Isa ba shi da uba, to ya wuce matsayin bawa. Aka amsa musu: misalin Isa a wurin Allah kamar misalin Adamu ne, ya halicce shi daga turɓaya, sannan ya ce masa kasance. Ma'ana, ga wanda ba shi da uba ba shi da uwa, kuma ba wanda ya bauta masa. Ka ba Adamu iyaye ka ga abin da zai rage na wannan hujja. Wa zai warware sha'anin marar uba da misalin mai uba? Da mutanen Najran sun sami wannan ƙofa ba za su bar ta ba.

Akwai kuma shaidar maƙiyi. Iblis ya nemi abin da zai goranta wa Adamu, iyakar abin da ya samu shi ne: ka halicce ni daga wuta, ka halicce shi daga yumɓu. Da Adamu ɗan wata halitta ce mai yawo a daji ba magana ba hankali, kana ganin Iblis zai bar wannan gorin ya tsaya a kan yumɓu? Hadisai ma ba su bar wurin tawili ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa da Allah ya suranta Adamu ya bar shi iya lokacin da ya so, Iblis ya riƙa kewaya shi yana dubawa, da ya ga cikinsa rami ne sai ya gane an halicci wanda ba zai iya mallakar kansa ba. Wannan siffar jikin da aka ƙera aka ajiye ce, ba jaririn da aka goya ba. A hadisin ceto kuma mutane za su je wurinsa su ce: kai ne uban mutane, Allah ya halicce ka da hannunsa, ya hura maka daga ruhinsa. A kan wannan fahimtar sahabbai da tabi'ai da malaman tafsiri suka wuce. Ba a barin irinta don a sasanta da littafin aji.

Na san abin da za ka ce: to ina za a kai ƙasusuwan da ake tonowa? Ba ma ƙaryata abin da ido ya gani. An tono ƙasusuwan da ake kira Lucy a Habasha a 1974, aka ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.2. An sami ƙoƙon kai a hamadar Chadi a 2001 da ake ba shekaru wajen miliyan 7. A Jabal Irhud na Maroko an sami masu kama da mu sosai, na shekaru wajen 300,000. Wahayi bai ce ba a yi halittu masu tafiya da ƙafa biyu kafin Adamu ba, bai kuma ce an yi su ba. Ya yi shiru, kuma inda ya yi shiru bincike yana da fili. Alƙur'ani da ingantaccen hadisi ba su faɗi shekarar da aka saukar da Adamu ba. Lissafin shekara dubu 6 ko dubu 7 da ke yawo a bakin masu wa'azi daga Ma'abota Littafi aka ɗauko shi, kuma tun a Andalus Ibnu Hazm ya ce mu ba ma yanke wani sanannen adadi ga shekarun duniya. Haka batun sauyawar sauran dabbobi da tsirrai daga wani nau'i zuwa wani: ba nassin da ya kore shi, wanda ya karɓe shi bisa cewa Allah ne ke gudanar da shi ba a ce masa komai. Abin da ba ka da ikon yi shi ne ka ɗauki ɗaya daga ƙasusuwan nan ka ce ga uban Annabi Adamu.

Batun ƙwayoyin halitta kuwa ka fi ni saninsa. Tun da aka fitar da taswirar DNA ta cimfanzi a 2005 aka ce idan aka jera namu da nasa harafi da harafi kamar ta kai kusan kashi 99 cikin 100, idan aka lissafa guntayen da suka ƙaru ko suka ɓace ta sauko wajen 96. Mu kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta, 46 gare mu, su 48, kuma na 2 a namu yana da alamar guda biyu ne suka haɗe. Masanan suna ganin wannan hujja ce mai ƙarfi ta haɗa kaka shekaru miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Ba su ce cimfanzin da ke kusa da Kejetia kakanka ne ba. Don haka ina roƙon 'yan'uwana masu wa'azi su daina cewa "in daga biri muka fito me ya sa har yau akwai birai", su kuma daina labarin cewa Darwin ya janye maganarsa a gadon mutuwa, don bai tabbata ba. Ɗan aji biyu na sakandare ya san amsar ta farko, kuma ranar da ya kama malami da raunin hujja a nan, zai fara zargin sauran abin da malamin ya faɗa.

Amsar da ta dace ita ce wannan. Kimiyya tana auna abin da ke gudana bisa al'adar da Allah ya shimfiɗa, ba ta da ma'aunin abin da ya keta al'ada. Kai da kanka kake koya wa yara cewa abin da ke sa jariri ya zama namiji daga uba yake zuwa. Da likita zai duba Annabi Isa yana jariri, zai tarar da cikakken ɗa namiji, ya rubuta cewa yana da uba. Bai yi ha'inci a aikinsa ba, amma bai dace da gaskiya ba, don labarin ya zo ta hanyar da na'urarsa ba ta bi. Ka yarda da wannan a kan Annabi Isa ba tare da ƙirjinka ya yi nauyi ba, kuma Allah da kansa ya ce sha'aninsu ɗaya da Adamu. Abokin aikinka da bai yarda da wahayi ba wannan ba zai gamsar da shi ba, kuma ba shi ya aiko mini da tambaya ba.

Yanzu ga abin da na ga ya fi damunka, wato rasa inda bambancin yake. Ɗana, ka rasa shi ne don kana nemansa inda ba a ajiye shi ba. Bahaushe ya riga Darwin cewa biri ya yi kama da mutum, kuma ɗaliban manɗiƙi a zaurukanmu sun daɗe suna haddace cewa mutum dabba ce mai magana, ba wanda ya ta da jijiyar wuya. Turawan ƙarnin da ya wuce ne suka kafa iyakar a kan ƙera kayan aiki, sai a 1960 Jane Goodall ta ga cimfanzi a dajin Gombe na Tanzaniya yana gyara tsinke yana zura shi a suri yana ciro gara. Aka koma kan sanin kai, sai a 1970 Gordon Gallup ya nuna cimfanzi yana gane kansa a madubi. A dajin Tai na Kodebuwa, maƙwabtanmu, suna fasa ƙwara da dutse ko itace, ƙanana suna koya daga iyayensu mata. A Bossou na Gini an ga uwa tana ɗauke da gawar ɗanta makonni. Duk katangar da aka gina sai ta zube, wanda ya jingina imaninsa da ita sai ya zube tare da ita. Alƙur'ani kuwa bai taɓa gina ta ba. Shi ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinku. Shi ya ba mu labarin tururuwar da ta gargaɗi 'yan'uwanta, da alhudahudan da ya kawo rahoton Saba'u har da sukar shirkarsu, da hankakan da ya koya wa ɗan Adam na cikinsa yadda ake binne gawa. Wanda ya karanta wannan, tsinken cimfanzi ba zai girgiza shi ba.

Ba wai tazarar hankali ƙarama ce ba. Waɗanda suka shafe shekaru suna koya wa cimfanzi maganar hannu sun samu ya riƙe alamomi da dama, amma Herbert Terrace, da ya jagoranci ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, ya fito a 1979 ya ce nasa bai iya ƙulla jumla ba. Duk da haka Shari'a ba a nan ta ja layi ba, kuma hujjata tana goye a bayan matarka. Jaririnka yau ba ya magana, ba ya riƙe kayan aiki, ba zai gane kansa a madubi ba sai ya doshi shekara ɗaya da rabi. Babban cimfanzi ya fi shi dabara nesa ba kusa ba. Amma jaririnka yana gado, jininsa haramun ne, da Allah zai karɓe shi, Allah ya raya mana shi, wanka da sallah za a yi masa. Haka mahaukaci, haka tsohon da ya rikice har bai san 'ya'yansa ba. Cimfanzin da ya fi kowane wayo ba ya gadon ko sidi ɗaya. Allah ya ce mun girmama 'ya'yan Adamu. Girman ya bi nasaba zuwa ga wanda aka hura wa ruhi aka yi wa sujada, kuma tare da shi aka ɗora amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka. Yaran shago biyu a Alabar za su iya zama tsayi ɗaya, ƙarfi ɗaya, abinci ɗaya, amma wanda maigida ya damƙa wa makulli shi ake tambaya ranar da kaya suka ɓace. Cimfanzi yakan kashe ɗan'uwansa, masu bincike sun gani, ba a rubuta masa zunubin kisa. Kai kalma ɗaya ka faɗa a gaban keji, ga ka kana neman fatawa.

Ka kuma san abin da ya biyo baya lokacin da aka mayar da wayo da siffar jiki ma'auni. Sai aka fara jera 'yan Adam ɗin kansu hawa-hawa, aka sa baƙar fata kusa da biri. A 1906 an ajiye wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birai na gidan zu na Bronx a New York, jama'a na zuwa kallo. Har yau ana jifan 'yan ƙwallonmu da ayaba a filayen Turai. Ka gaya wa ɗalibanka wannan tarihin, yana cikin haƙƙinsu, ka haɗa musu da hadisin Abu Musa cewa an halicci Adamu daga damƙar da aka ɗebo daga dukan ƙasa, shi ya sa 'ya'yansa suka zo ja da fari da baƙi. Mu ma a zango mu kama bakinmu. Kiran yaro biri don ya yi ƙiriniya, ko kiran wata ƙabila da shi a wasa, yana cikin jifa da miyagun laƙubba da Suratul Hujurati ta hana.

Surukinka, Allah ya ƙara masa lafiya, kishin addini ne ya motsa shi, amma ya yi kuskure biyu. Mayar da waɗanda suka keta alfarmar Asabar birai gaskiya ne, Alƙur'ani ya faɗa. Cewa biran yau jikokinsu ne shi ne bai inganta ba. An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan tambayar ƙarara, a hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Muslim, ya ce Allah bai sanya wa waɗanda aka shafe zuriya ba, kuma birai da aladu suna nan tun kafin haka. Alƙali Ibnul Arabi daga malamanmu na Malikiyya ya tafi a kan suna haihuwa, mafi yawan malamai suka saɓa masa, hadisin kuma yana tare da su. Biri dabba ce mai tasbihi, ba la'ana a kansa.

Kuskure na biyu ya fi nauyi. Gaskiya ne Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibnu Abi Zaid, ta ce idan ɗayan ma'aurata ya yi ridda aure ya warware. Amma ridda ba ta tabbata da "an ce ya ce". Shaihu Halil, mai littafin Muhtasar na Malikiyya, ya shardanta a fayyace shaida a kanta, mai shaida ya faɗi ainihin lafazin da ya ji, don abin da wani ke ɗauka kafirci sau da yawa ba shi ba ne. A nan maganar ta fito daga bakin yara ta bi unguwa, ba a zaunar da kai ba, ba a tambaye ka nufinka ba, kuma yanke irin wannan hukunci ba aikin suruki ba ne. Annabi ya ce wanda ya ce da ɗan'uwansa kafiri, ɗayansu zai koma da ita. Ba sabon ɗaurin aure, ba sabon sadaki. Matar ta koma ɗakinta kawai.

Tunda kai mai kai yara yawon ilimi ne, ga wasu abubuwa. Ka hana su tsokanar dabbobin keji da jifa da ihu. Wata mata ta shiga wuta a kan kyanwa. In ka kai su Boabeng-Fiema ta wajen Nkoranza, inda mutanen garin ke girmama birai har su binne wanda ya mutu da al'adun gargajiya, kallo da karatu halal ne, ku girmama masu gari, amma ba ku shiga cikin al'adun. Naman biri kuma, da akan samu a wasu kasuwannin naman daji, Halil ya kawo zance biyu a kansa, karhanci da hani, Ibnu Abdil Barri ya ce bai san saɓani ba a kan cewa ba a cinsa, sauran mazhabobi uku sun haramta. Hani nake ba da fatawa da shi, balle ga cututtukan da ke tsallakowa daga gare su zuwa mutane, ga kuma dokar ƙasa da ta hana farautar cimfanzi kwata-kwata.

Abin da ke kai-komo a zuciyarka, muddin kana ƙinsa kana neman amsa, ba ya cutar da imaninka. Sahabbai sun kai kukan irinsa aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ƙaurace wa masallaci. Karatun shubuha da dare kai kaɗai a waya, ga ba jam'i, ga gida ba kowa, wannan haɗin ba ya haifar da ɗa mai ido. Ka fito Asuba gobe ka tsaya a sahun gaba, masu kallo za su gaji. Ka nemi malami ka zauna gabansa ka karanta tafsirin ayoyin da na ambata, kamar yadda ka zauna shekaru ka karanta ilimin halittu.

A aji ka ce da yaran, musamman yarinyar da ta yi tambaya: abin da na faɗa ranar nan game da Annabi Adamu ba daidai ba ne, Allah ya halicce shi ba uwa ba uba, abin da ke littafinku kuma ku koye shi da kyau, ku amsa shi yadda aka tambaya. Ka yaba mata, kada ta ɗauka tambayarta ce ta jawo fitina, ta daina tambaya. Ajinku akwai waɗanda ba Musulmi ba, don haka ka taƙaita, sauran bayanin ka bar shi ga malaminta na makaranta.

Wurin surukinka kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka je da lissafin DNA. Ka ɗauki limamin unguwarku da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka riƙe goronka, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba na yi kuskure a magana kuma na gyara. Sauran bayanin ka bar wa liman, daga bakinsa zai fi shiga. Kafin nan kada kuɗin cefane da na jariri su yanke ko na kwana ɗaya, don ciyarwa tana kanka. Ka kuma kiyaye harshenka idan rai ya ɓaci: kalma irin "to ta zauna can" idan ta haɗu da niyyar rabuwa saki ce, sai ka warware da bakinka auren da maganar surukinka ba ta warware ba.

Allah ne mafi sani.